Yatsun Ummu Hani

Ni fa tun a tashar Talata Mafara na ce wa Yaya Ummu Hani bikin nan na Accra ba dole ba ne, a aika da gudummawa a huta. Ta ce Fa'izu ɗan Jibrin ne zai yi aure, Jibrin kuwa cikinmu ɗaya, shekara talatin yana sayar da albasa a Gana bai taɓa rasa sha'aninmu ba. Na ja bakina na hau mota. Duk wanda ya san Yaya ya san ba a ja da ita. Mace ce da ke turara buhu uku na shinkafa shanshera kafin azahar, ranar kasuwar Damri kuma ta riga kowa baza shinkafarta. Ni malamar firamare ce, ɗan Turancina ne ya sa take jana duk inda za ta.

Ranar ƙunshi 'yan mata suka kawo mai zanen fulawa. Yaya ta ce ita ba allo ba ce da za a yi mata rubutu, lallen gida take so. Ta kwaɓa abinta ta ƙunsa har kan yatsu, washegari ta maimaita, ya kama ya yi baƙi ƙirin. Matan unguwar Nima suka yi ta zuwa kallo, ita ko sai juya hannu take.

Kwana ɗaya da ɗaurin aure Abdulmumini ya bugo waya. Shi ne mijin Taiba, 'yar Yaya, suna zaune a Santambul inda yake karatu. Taiba ta sauka lafiya, namiji, amma sati uku kafin lokacin da aka sa rai. Tana bene hawa na shida ita kaɗai, mijin na fita tun safe. Da ma shirin shi ne mu koma gida bayan biki, Yaya ta nemi biza a Abuja, ta isa kafin haihuwa ta yi wa 'yarta wankan jego na kwana arba'in. Yanzu ga arba'in ta fara tafiya, mu kuma muna ƙasar mutane da baƙin lalle.

Jibrin ya ce a koma Najeriya, ai biza a ƙasar mutum ake nemanta. Abdulmumini ya duba ya ce layin Abuja sai bayan sati biyar. Yaya ta ƙirga da yatsunta, ta ce to a nan za ta nema.

A ofishin biza, matar da ke bayan gilashi ta ce yawanci mazauna ƙasar suke karɓa, baƙo sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Na fassara wa Yaya, na ƙara da nawa, cewa mu tattara mu tafi gida. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce in tambayi takardun da ake so. Abdulmumini ya turo takardar gayyata da ta asibiti. Ni aka bar wa rubuta dalili, sai da na yaga takarda uku kafin na iya bayyana wankan jego da Turanci ba tare da ya zama kamar dafa mutum za a yi ba. Da na gaya wa Yaya sunan bizar ta yawon buɗe ido ce, ta ce su kira ta yadda suka ga dama, ita kan tukunyar ruwa kawai za ta buɗe nata idon.

A rana ta tara da haihuwa suka karɓi takardun. Saura ɗaukar hoton yatsu. Yaya ta ɗora hannu a kan na'ura, na'urar ta nuna ja. Ta goge a zane ta sake, ja. Matar ta leƙo ta dubi yatsun, ta ce lallen ya yi kauri, a dawo bayan sati ɗaya.

A nan muka yi wautar, kuma da hannuna a ciki. Muka sayi lemon tsami rabin kwano, muka haɗa da toka da omo. Da Yaya ta ga abin ba ya sauri, ta ɗauko dutsen goge kaushi ta hau kan yatsunta safe da yamma kamar mai kankare ƙanzo. Ni ce ma mai cewa ta ƙara nan, ta ƙara can. Lalle dai ya dushe. Muka koma da fara'armu, na'ura ta sake nuna ja.

Matar ta riƙe hannun Yaya ta jujjuya, ta girgiza kai. Ta ce na'urar 'yan siraran layukan fata take karantawa, mu kuwa mun goge su tas, biyu ma sun tsage. Ta ba mu kwana goma. In aka sake samun ja, za a rufe takardun. Kada ta yi wanki, kada ta taɓa sabulu, ta yi ta shafa mai.

Wato an ce Ummu Hani ta zauna ba aiki. Ni na ɗauka ko yini ɗaya ba za ta kai ba. Sai ga ta a barandar Jibrin, hannu cike da man kaɗe a cikin safa, ta ɗora su kan gwiwa. Alwala kaɗai ke sa ta cire. Tana kallon matar Jibrin na tuƙa tuwo da gudaji, leɓenta na motsi, amma ba ta tashi ba. Matar da ke cewa cin tuwo da cokali iyayi ne, ita ce da cokali har kwana goma.

A rana ta ashirin haƙurina ya ƙare. An koma makaranta, hedimasta na ta kirana. Na ce wa Yaya can Santambul ruwan zafi daga famfo yake fitowa, matan ƙasar suna haihuwa ba wankan jego kuma ba su mutu ba, ko an ba ta bizar ma kwana nawa zai rage? Ta bar ni na gama tsaf.

"Murja, ke yarinya ta sa'ad da nih haihe ta," in ji ta. "Innarmu ta rasu da wata biyu. Ni kaɗai nid dahwa ruwana, niy yi wankana, ina kuka babu mai jina. Tun rannan nic ce ɗiyata ba ta ganin wanga abu in ina da rai. Ko kwana guda yar rage, ni ka zuba mata ruwan."

Kunya ta kama ni, don ban taɓa sanin haka ba, alhali gida ɗaya muka tashi. Na kira hedimasta na ba shi haƙuri, na dawo na ƙara mata mai.

Rana ta ashirin da shida muka koma. Na'ura ta shiga nuna kore, yatsa bayan yatsa. Ƙaramin na hagu ya yi gardama sau uku, a na huɗu ya bi sahu. Ina shirin yin hamdala sai matar ta ce saura tambaya ɗaya: wa za ta je gani, sunansa cikakke? Na buɗe baki zan amsa, ta ɗaga mini hannu, ta ce daga bakin mai nema ake so.

Taiba 'yar fari ce, a wurinmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa jin Yaya ta ce komai ba sai "yarinyar nan". Ga shi cikakken sunan ya haɗa da na maigidanta, wanda shi ma ba ta faɗa. Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana kallon yatsunta masu maiƙo. Sannan ta ɗago ta dubi matar ido cikin ido.

"Taiba," ta ce. "Taiba Sanusi. Ɗiyata ta."

Matar ta rubuta abinta, ba ta san me ya faru a gabanta ba. Ni na juya baya ina share hawaye da bakin mayafi.

Biza ta fito a rana ta talatin da uku. Washegari muka raka ta filin jirgi da ƙullin kanwa da garin kunu, ni kuma na kama hanyar gida.

Ina tsakar gida a Mafara ina gyaran littattafan yara bayan la'asar, Taiba ta kira. Ta ce innarta ta kusa saɓule mata fata da ruwan zafi, tana faɗa tana dariya. Sai ta rage murya.

"Inna Murja, Kawu Jibrin yac ce wai Inna ta hwaɗi sunana. Da gaske na?"

Na ce da gaske ne, a kunnena.

"Ƙaƙa tah hwaɗe shi? Hwaɗa min yadda tac ce."

Na gyara murya na kwaikwaya mata iya yina. Ta ce in sake. Na sake. Daga can nesa na jiyo muryar Yaya tana cewa, "Ke yarinyag ga, aje wayag ga ki taho, ruwa na hucewa."