Ramin Ƙarshe a Layin Yaya

Cokalin ginin da ke hannun Auta ya ƙwanƙwashi wani abu, ta ji ƙarar ba ta dutse ba ce. Ta ɗauki buroshi ta shiga share ƙasar a hankali, har bakin wata tsohuwar tukunya ya leƙo. A gefenta ƙasusuwa ne a jere, kuma ba na dabba ba.

Aikinta ke nan, binciken kayan tarihi. Kafin katafila ta yi hanyar bututun ruwan ƙazanta, sai Auta ta bi layin da ƙananan ramuka ta duba abin da ke ƙasa. Wannan ne ramin ƙarshe, a layin da yayarta ke aure. Abin takaicin ma, a ƙofar gidan Yaya aka kafa alamar ramin tun farko. Yayar ce ta ce yara za su afka, Auta ta matsar da shi gindin bishiya don a zauna lafiya.

Injiniyan aikin ya leƙo ramin, ya cire hular kwanonsa ya sosa ƙeya.

"Malama, in kika kira ofishinku suka tsayar da haƙa, ba jira za mu yi ba. Damina ta ƙarato. Ta bayan makaranta za mu karkatar da bututun, layin nan ya fita daga tsari."

"Har yaushe?"

"Allah masani. Ni dai ban ce ki mayar da ƙasa ba. Ban kuma ce kada ki mayar ba."

Ya yi gaba abinsa, irin mutanen nan da ke ɗora maka kaya su ce sannu da aiki.

Auta ta dubi kwatar da ta ratsa layin, baƙa ƙirin, ƙudaje sun yi mata rumfa. Ko yayyafi aka yi, ruwan nan har tsakar gidan Yaya yake kwana. Ƙaramar 'yar Yaya ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, amai da gudawa sun mayar da ita kamar tsinke. Auta ta ji ta tsani aikinta, ta tsani buroshin da ke hannunta.

Ta ce bari ta ƙara sharewa kaɗan, wataƙila mutum ɗaya ne. Sai ga na biyu. Sai ga ƙafar na uku ta shige cikin bangon ramin, daidai inda haƙoran katafila za su bi. Maƙabarta ce ta mutanen da ba wanda ya san da su. Ta daɗe a tsugune, sannan ta share hannunta a riga ta ciro waya ta kira ofis. Maganar ba ta yi tsawo ba.

Tana kashewa sai ga Yaya ta tsallako kwata da kofin ruwa, fuskarta a washe.

"Auta mai tonon tukwane, sha ki huce. Maƙwabta sai albarka suke sa miki, na ce musu ai ƙanwata ce. Gobe za su fara, ko?"

Auta ta karɓi kofin, ta kasa kai shi baki.

"Ince dai ba ki ga komai ba?"

"Na gani, Yaya. Na kuma faɗa."

Yaya ta leƙa ramin, ta daɗe tana kallo. Ta yi wa mamatan addu'a ƙasa-ƙasa, ta shafa. Sannan ta karɓe kofinta da ruwan a ciki, ta tattare zani, ta tsallake kwatar ta shige gida.