Abokin Karatun Malam Lawwali

"Hau mashin ka tahi Rabah," Malam Lawwali yac ce mani. "Ka tambayi gidan Maccido, tsohon darakta. Ka ce mai ina kwance."

Ina tsugune bakin gadonai, hannuna duk warin albasa, don daga fadama anka kira ni. Shekara ashirin katanga guda ta raba gidajenmu nan Wurno, ban taɓa jin sunan ga a bakinai ba.

A zaure matatai Inna Mairo tat tare ni. "Tare da Maccidon nan sunka yi jami'a can kudu, Latin da adabin Ingilishi, ɗaki guda," tac ce. "Sun juya wata tsohuwar waƙar Latin zuwa Hausa. Da mahaihin Malam yar rasu, yad dawo gida bai ƙare karatu ba, yak kama koyarwa a firamare. Shi ko wancan yab buga waƙar da sunanai shi kaɗai."

Na iske Alhaji Maccido ƙarƙashin iccen dogon yaro yana jin rediyo. Da na isar da saƙo yak kashe rediyon.

"Ya ce in zo?"

"Ya dai ce yana kwance, Baba."

Yas sa anka miƙo mai hula da sanda.

Bayan la'asar munka iso. Alhaji yaz zauna bakin gado.

"Lawwali, abin da na yi ma..."

"Bari wanga, na yahe tun tuni," Malam yac ce, numfashinai na sarƙewa. "Ba shi yas sa na kira ka ba. Baiti na tara. Mi yas sa kas sa bege? Kewa munka aje."

"Kewa ba ta hawa ma'aunin waƙar."

"Tana hawa. Kai dai ba ka da kunne."

Alhaji yay yi dariya, hawaye na bin gemunai. Malam yaj ja baitin da Latin, inda muryatai tak kasa Alhaji yak ƙarasa mai. Ko kalma ban gane ba. Inna Mairo na tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu har yas sanyaya.

Alhaji bai koma gida ba. Kwana biyu yana nan, shi ka ba Malam ruwa da cokali. Ran Laraba da hantsi Malam yac cika, Alhaji na laƙƙana mai kalmar shahada.

Bayan addu'ar ukku nam mai da shi Rabah. Muna cikin tahiya, gonakin shinkafa dama da hagu, sai na ji ana taɓa bayana. Na rage gudu, na zata tsayawa yaka so. Ashe yatsanai na. Yana bugawa sannu sannu kamar mai auna baitin waƙa, ya tsaya, ya sake daga farko.