Tarin Fannami

Filibus mutum ne mai alfahari da tsari, har abokan aikinsa a gidan rediyon Diffa na tsokanarsa wai ko atishawa sai ya ba ta lamba. Duk muryoyin da ya ɗauko a ƙauyukan bakin kogin Komadugu ya zuba su cikin wata manhaja ta saye, wadda ita kaɗai ke iya buɗe abin da ta rufe.

Shekara biyu bayan harin da aka kai garin Bosso, Yagana ta zo daga Gagamari. Mahaifinta Fannami masunci ne, ya rasu a hanyar gudun hijira, kuma an ce mata Filibus ya taɓa ɗaukar waƙarsa ta jan taru. So take ta ji muryarsa ko sau ɗaya.

Filibus ya danna sunan. Manhajar ta nemi izinin kamfaninta, kamfanin kuwa ya rufe tun bara. Ya sake dannawa, gumi ya karyo masa.

"Yaya, muryar na ciki, amma ta ƙi fita. Ba rezon intanet ba ne. Masu makullin ne babu su."

Abin da ya rage a allon sai zanen sautin, tudu da kwari, da wani siririn layi yana bi ta kansu shiru.

Yagana ta matso da kujera. "Wannan shi ne Baba?"

"Hoton muryarsa ne."

"Maido shi farko."

Ya maido. Layin na tashi ta ɗauki waƙar da Barbarci. Inda zanen ya yi tudu nan muryarta ta hau, inda ya kwanta ta ja numfashi, ba ta riga shi ba, bai bar ta a baya ba. Tsigar jikin Filibus ta tashi. Shekarunsa nawa yana kallon irin wannan zane, bai taɓa ganin an yi waƙa tare da shi ba. Ya kunna rikodar wayarsa.

Can tsakiya zanen ya tsinke, sai wani ɗan ƙullutu shi kaɗai. Yagana ta yi shiru. Filibus ya ɗauka ta manta, ya kai hannu zai tsayar.

Ta riƙe hannun rigarsa.

"Bar shi, Malam. Nan yake tari. Kullum sai mun jira shi."

Suka jira shi.