Yatsa a Ƙarƙashin Layi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mana, ko na yi shiru abina.

To, wani dattijo mai ba da magani a asibiti yana cikin jera kwalabe, sai abokiyar aikinsa, wadda ake kira Guguwa, ta ɗaga littafinsa na ilimin magunguna, ta jinjina shi kamar bulo.

"Baba, jarrabawa ta ƙarato, kana babi na huɗu? Wanda ya faɗi fa sito za a mai da shi, ya yi ta hira da kwalaye."

"Ai a bayyane nake karantawa, 'yar nan."

"Shi ya sa! Baki ba ya kamo ido. Fara duba kanun babi, ka leƙa taƙaitawar da ke ƙarshensa. Sannan ka ɗora yatsa ƙarƙashin layi ka ja, ido ya bi shi. Ban da komawa baya, ban da motsa leɓe."

Bai gaya mata dalilinsa na karantawa a bayyane ba. Matarsa ce a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. 'Ya'ya sun yi nisa, masu dubiya sun gaji. Kullum in ya dawo da yamma, sai ya ja kujera bakin gadonta ya karanta mata, wai maganin hawan jini da illolinsa. Ita kuwa ta kafa masa ido. In ya yi tuntuɓe da wani dogon suna, gefen bakinta mai rai sai ya ɗan motsa.

Ran nan, a bakin gadon, ya gwada dabarar Guguwa. Kai, jikokina, abin ya yi aiki! Yatsa na gudu, shafi na bin shafi. Ba ka jin komai a ɗakin sai fanka da ƙarar takarda.

Ya ɗago da murna zai ba ta labari, sai ya ga ƙeyarta. Ta juya fuska bango, ita da ba ta iya juyi sai an kama mata. Matashin kai ya jiƙe da hawaye.

"Uwar yara, fushi aka yi?"

Ya dubi kaurin littafin, ya dubi bayanta. Ya janye yatsa, ya koma inda suka tsaya jiya, ya gyara murya.

Guguwa ta ci jarrabawa, aka ƙara mata girma. Shi bai kai rabin littafin ba, aka mai da shi sito. Matar ta rasu da damina, suna babi na tara. Sauran ya ƙarasa shi kaɗai, a bayyane.