Yaron da Ya Fi Kowa Iya Gaisuwa

Asta ta sake danna lambar Imran tana tafe, zane a hannu, takalmi ɗaya ya tsinke. Salular tana shiga, ba a ɗauka. Tun hantsi rediyo ke cewa kogin Komadugu ya cika ya kai wuya, shingen ƙasar da ke tare ruwa ya fara tsagewa, kowa ya bar gonakin tattasai. An faɗa da Hausa, an faɗa da Barbarci, an faɗa da Fulatanci, don kada wani ya ce bai ji ba.

Imran ɗan maƙwabciyarta Nafisa ne, katanga ɗaya ta raba su. Shekararsa sha shida, kuma tun yana ƙarami yake tsaron injin ban-ruwa a gonar Alhaji Bukar. Kusa da injin yake ci, kusa da shi yake hutawa. Da kunnensa ya fara zubar da ruwa, aka ɗiga masa man gyaɗa, ruwan ya tsaya, kowa ya yaba maganin.

Asta kaɗai ta gane ya daina ji. Wata rana tukunya ta suɓuce mata a bayansa, kaji suka watse, shi ko waiwaye bai yi ba.

"Inna Asta, don Allah ki rufa mini asiri," ya ce da ta tsare shi. "In Alhaji ya sani, wani zai sa. Wa zai ba kurma inji?"

"To yaya kake yi da mutane?"

"Ina duban bakinsu. In sun yi shiru, in ce lafiya lau."

Dabarar ta yi aiki. A Diffa mutum zai iya shekara da lafiya lau, da godiya, da madalla, ba wanda zai nemi ƙari. Salular kuwa ya sa ta a kan girgiza, sai dai a gindin inji komai girgiza yake yi.

A bakin gari Asta ta ci karo da amalanken Sallau, maƙwabcin gonar, ya labto buhuna da tiyo da 'ya'yansa biyu a sama.

"Sallau, ina Imran?"

"Yana tafe. Mun faɗa masa."

"Yaya kuka faɗa masa?"

"Daga kan shinge na ƙwala masa kira, na ce ruwa ya ɓalle ta gabas, ya fito. Ya amsa."

"Me ya ce?"

"Ya ɗaga hannu, ya ce lafiya lau, an gode."

Asta ta kama ƙahon sa ɗaya, amalanken ya tsaya cak.

"Kurma ne, Sallau! Bai ji komai ba!"

"Wa? Imran?" Sallau ya yi dariya. "Haba Asta. Yaron da ya fi kowa iya gaisuwa a bakin kogin nan?"

"Ka taɓa tambayarsa wani abu bayan gaisuwar?"

Sallau ya daina dariya. Ya sauke yaran a gefen hanya, ya ture buhunan ƙasa, ya juya shanun. Asta ta haye baya. Shanun ba su ga dalilin sauri ba. Tana danna lambar, tana miƙewa tsaye, tana zama, tana sake miƙewa. Kafin su kai rabin hanya, hanyar ta ƙare. Jan ruwa ya shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kawunan tattasai suna leƙowa nan da can. Suka yi ta kiran sunansa har muryarsu ta dushe, har da Asta da ta san kiran ba shi da amfani.

Washegari masu kwale-kwale suka sami gawarsa a cikin kwari, tiyo naɗe a hannunsa. Injin kuwa yana kan tudu a bushe, an lulluɓe shi da rigar yaron, salular tana cikin aljihu. Ashe ya ga ruwan daga baya, ya fara da abin da aka ba shi amana, sannan ya koma ɗauko tiyon.

Wajen zaman makoki Alhaji Bukar ya yi jawabi daga ƙofar gida, da ƙarfi don mata su ji.

"Yaro mai ladabi. Wallahi bai taɓa mayar mini da magana ba."

"Allah ya jiƙansa," jama'a suka amsa.

A cikin gida Nafisa tana zaune da rigar a cinya, tana amsa wa masu shigowa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Salular tana kan tabarma tsakaninta da Asta. Can wani da labari bai kai masa ba ya kira. Ba ta yi ƙara ba. Asta ta ji ta a tafin ƙafarta, tana rawa a hankali, tana matsawa zuwa bakin tabarmar.