Ƙundun Sulhu

Malam Gershon ya guntsi ruwan gishiri mai ɗumi, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, sannan ya sunkuya bakin rariya ya buɗe baki ruwan ya zubo da kansa. Likita ya hana shi tofarwa. Mutumin da ya yi ritaya yana hedimasta a Kafanchan, ga shi yana dalala kamar mai koyon zama, matarsa Hulda na tsaye a kansa da tawul.

Farkon makon nan aka yi masa dashen haƙori a wani asibiti a Jos. Haƙorin ma bai zo ba tukuna. Ƙarfe aka murɗa masa a ƙashin muƙamuƙi na dama, aka ɗinke dasashi, aka ce sai ya kama bayan wasu watanni kafin a ɗora masa kai. Kafin ɗinkin ya warke, ba abu mai zafi, ba mai tauri, ba yaji. Hulda ta haddace dokokin nan tsaf, kuma ba ta ɓoye cewa tana jin daɗin zartar da su.

Haƙorin asali kuwa yana can cikin gonar citta, a ƙauyensu na bayan Kwoi. Bara waccan suka yi sa-in-sa da ƙanensa Meshak a kan iyaka, Meshak ya juyo da ƙotar fartanya, magana ta ƙare a nan. Tun daga ranar ko gaisuwa babu. A wurin biso ma in ɗaya ya shigo ta gaba, ɗayan sai ya zame ta baya. Gershon na kewar ƙanensa ƙwarai, amma gara a cire masa sauran haƙoran da ya faɗi haka da bakinsa.

Yau ce ranar sulhu.

"Baban Irene, ka kira Rabaran a ɗaga ranar nan," in ji Hulda.

"Sau biyu na ɗaga. In na ƙara, za a ce na ƙi."

"To ka gaya masu dokta ya yi maka aiki a baki."

"Rabaran ya ce duk wanda ya ambaci haƙori a wurin, shi ya tada maganar."

Hulda ta zuba masa faten acca da ya huce a kwano, ta ɗaure a leda, suka nufi tasha. A mota ya tallabe kumatu da ƙanƙara naɗe cikin hankici. Direba bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba, kuma kowane rami sai da ƙarfen ya amsa.

Sun tarar dangi sun hallara ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, Rabaran Yafet ya yi wa'azi mai tsawo a kan 'yan'uwantaka, ya kewaye maganar haƙori ta ko'ina bai taka ta ba. Dattawa suka faɗi inda iyaka take, wato inda take tun da. Meshak ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka yafe mani." Gershon ya ce ya yafe, da rabin baki, don iyakar abin da ɗinki ya bari ke nan. Mutane suka lura da rabin bakin.

Sai aka kawo abinci.

A gidansu faɗar baki ba ta gama sulhu. Mai laifi zai yanka zakara, ya ɗauko ƙundun da hannunsa ya miƙa wa babba. In babba ya ci, magana ta mutu. In ya ajiye, kowa ya kama hanyar gida. Meshak kuwa don ya nuna da gaske yake, zakaran da ya fi kowanne tsufa a gidan ya yanka. An soya ƙundun har ya yi baƙi, an birkice shi da yaji.

Gershon ya karɓa. Hulda ta yi tari. Kwanon fate na kan cinyarta, ba halin fito da shi.

Ya juya ƙundun a hannu. Ya yi tunanin haɗiye shi ɗungurungum, ya ga sai dai a wuce da shi asibiti daga nan. Wani kawunsu ya ce, "Malam, ba kallo aka ce ka yi masa ba." Matar Meshak ta fara gyara ɗaurin zaninta kamar mai shirin tashi. Meshak na durƙushe, fuskarsa ta faɗi, tsoho mai furfura amma a idon Gershon yaron nan ne da yake goyawa zuwa rafi. Tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa, ƙarfe dai ko ya tashi a sake murɗa wani.

Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki iyakar buɗewa.

Meshak ne mafi kusa, kuma daga ƙasa yake kallo. Ya ga baƙin zare a dasashi, ya ga kumburin, daidai wurin da ya sani. Sai ya miƙa hannu ya karɓe ƙundun.

Wuri ya ɗauki gunaguni. Ba a taɓa mayar da ƙundu ba a gidan nan. Kawu ya ɗauki sandarsa.

Meshak bai kalli kowa ba. Ya jawo kwanon ruwan da ba a kai ga wanke hannu a ciki ba, ya wanke yajin tas. Ya zaro wuƙar yankan citta daga aljihu, ya goge ta, ya ɗora ƙundun a faranti ya shiga yankawa. Ya yanka, ya sake yankawa, ya bi da farce yana tsagawa, har naman ya koma kamar wanda za a ba yaye. Tuwon mutane ya huce suna kallonsa. Kawu ya mayar da sandar.

Meshak ya tura farantin gaban wansa, idonsa a ƙasa.

"Yaya, ka ci ta hagu," ya ce a hankali. "Can ban taɓa ba."

Rabaran ya ji, amma ya duƙufa neman shafi a littafin waƙoƙi.

Gershon ya tsinci ɗan kaɗan ya tura ta hagu. Ba gishiri, ba yaji, ba ɗanɗanon komai. Ya miƙa hannu ya ƙara.