Abin da Aka Ciro a Kan Uba

Saura kaɗan jiniyar masaƙa ta yi kuka Mairama ta iso bakin ƙofar kamfani a Bompai. Yau ba tukunyar shinkafa da wake a kanta, sai wata kwalba a hannu, naɗe cikin farin ƙyalle. Masu sayen abincinta suka yi ta yi mata barka da dawowa, suna tambayar jikin Uba. Ta amsa a gajarce, idonta na kan titi. Isyaku heluma, shugaban ma'aikata, take jira, kuma ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

*

Mijinta Uba shi ne mai duba atamfa kafin a naɗe ta, mutumin da ko zare ɗaya ya kauce sai ya gano. Bara ciwon kai ya sa shi gaba. Ganinsa ya fara tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, ya riƙa cin karo da amalanken yadi. Mai ba da magani a kamfani ya ce maza a tafi babban asibiti. To amma a masaƙar nan ba mai fita sai da yardar heluma, wanda ya tafi gaban kansa kuwa ya bar aiki ke nan. Shi kuma Isyaku yana da ƙanen mata da ya daɗe yana yi wa kwaɗayin kujerar Uba. Duk ranar da Uba ya roƙa, sai ya ce lalaci ne.

Rannan Uba ya yi tuntuɓe ya kife a gaban jama'a. Isyaku ya laluba aljihunsa, ya zaro maganin ciwon kai, ya ɗaga sama kamar wanda ya kama ɓarawo a kasuwa, ya ce ga ɗan ƙwaya. A ranar aka kori Uba. Sunan ya bi shi har unguwarsu Dakata. Mutumin da yake jan salla a masallacin layi, sai ga shi ana gocewa daga kusa da shi a sahu. Wannan ya fi ciwon cin ran Mairama.

Sai da duhu ya kusa rufe shi suka hau jirgin ƙasa zuwa wani asibiti a kudu. Likita ya ce ƙari ne a gindin ƙoƙon kai, ya kai ƙwan agwagwa, ya zauna daram a kan jijiyar gani. Wuni guda aka yi ana tiyata, aka buɗe ta goshi, aka ciro shi gutsure-gutsure. Rai ya tsira, jijiya kuwa ta riga ta mutu. Likitan ya ce da bara suka zo, da ya tashi da idonsa.

Mairama ba ta yi kuka ba. Ta roƙi a ba ta abin da aka ciro, don naman Musulmi binne shi ake yi, ba a zubarwa a shara. Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba.

*

Babur ɗin Isyaku ya kunno kai. Ta sha gabansa, ta kwance ƙyallen, ta ajiye kwalbar a kan tankin mai. Wani abu mai ruwan toka yana lilo a cikin ruwan magani. Da can "ku" take ce masa. Yau ta sauke.

"Isyaku, kalli nan. Wannan aka ciro a kan mijina. Shi ka kira lalaci, shi ka kira shaye-shaye."

Ya ce ta kauce masa, yana waige-waigen masu gadi. Wani dattijon ma'aikaci, Baffa Sule, ya matso ya ce ta yi haƙuri ta kawo a binne, bai kamata a yi yawo da shi ba.

"Za a binne, Baffa," in ji ta. "Wanda ya yi kiwonsa har ya girma, shi zai haƙa."

Jiniya ta yi kuka. Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka yi shiru ranar da aka kori Uba, yau kunya ta daskarar da su a bakin ƙofa, ba hanyar da babur zai bi. Wani ya miƙo shebur. Isyaku ya durƙusa da farar rigarsa a gindin darbejiya, ya haƙa, ya sa kwalbar, ya rufe. Mairama ba ta ɗaga ba sai da ya faɗa da ƙarfi, har na baya suka ji, cewa Uba bai taɓa shan komai ba, ƙarya ya yi masa. Daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa, kuma ba ta nemi tsari daga jin daɗin ba.

Jiniya ta sake kuka, kowa ya shige. Ƙanen matar Isyaku ma ya shige, ya nufi kujerar Uba da aka ba shi.

*

Ta tarar da Uba a tabarma, tabon ɗinki ya ratsa goshinsa, yana shafa gefen zanen gado da yatsa kamar mai neman inda zare ya kauce. Ta zauna ta ba shi labari tiryan-tiryan, har ƙasar da ta ɓata farar rigar Isyaku.

Fuskarsa na kallon bango, ba inda take zaune ba.

"Mairama," ya ce a hankali, "ina ma na gani."